Hancin Rabe

A Jarwal, unguwar da Hausawa suka yi yawa a Makka, an daɗe ana kiran saniya mai ƙulli a karan hanci da sunan "mai hancin Rabe". Yaran yanzu ba su san dalili ba. Rabe mutumin ƙasar Daura ne, siriri, mai saurin magana, kuma Allah bai yi shi da zama ba. Ko a kan tabarmar cin tuwo ƙafarsa rawa take yi. Shekara bakwai ya yi a hanya kafin ya ga Ka'aba. Rashin guzuri yana ciki, amma gaskiyar magana ita ce duk garin da ya ji labarinsa sai ya karkata ya leƙa.

Biyu daga cikin shekarun nan ya yi su yana kiwo a ƙasar Wadai, wurin wani Bafulatani, Arɗo Hassan. A nan ya koyi abu guda da ya zauna masa a ka. Idan ciwon huhu ya shiga garke, ana yanko huhun saniyar da ciwon ya kashe, a jiƙa shi cikin madara da dusa kwana biyu don kaifinsa ya ragu. Sai a tsaga karan hancin lafiyayyar saniya, a cusa ɗan guntu. Wurin zai kumbura, saniya ta yi zazzaɓi. A rana ta uku a cire guntun, a yi wa wurin lalas da ƙarfen da ya yi ja a wuta. Daga nan ciwon ba ya ƙara kama ta, sai dai ƙullin da zai zauna mata a hanci har abada. Arɗo ya gargaɗe shi da abu biyu: kada a wuce kwana uku, kuma hannun da ya sa shi ne yake cirewa.

A Makka Rabe ya yi dakon ruwa, ya yi jan raƙuma zuwa Mina, ya sayar da gasasshen nama, ya bari. Matarsa Shatu, wadda ya auro a Sudan, ita ce mai zaman. Shekara shida tana soya gyaɗa tana ɗinkin hula har ta sayi jar karsana cikin waɗanda ake saukewa a Jidda. Suka sa mata suna Sudaniya. Ranar da aka kafa turke a tsakar gida, Shatu ta dube shi ta ce, "Malam, na gaji da ɗaure kaya. Ga turke nan, ita da kai."

Ya yi dariya, amma maganar ta kama shi. Sudaniya ta haihu, nono ya zo, Rabe ya shiga kai wa masu shayi madara kowace safiya. Ya kan yi mitar zai leƙa Ɗa'ifa, zai leƙa Madina, amma da ya tuna tatsar yamma sai ya dawo. Abincin gidan gaba ɗaya a hantsar saniyar nan yake.

A shekarar 1947, bayan aikin Hajji, shanun unguwa suka fara tari. Saniya ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙa wuya tana nishi, kwana kaɗan sai a ji an kira mahauci. Cikin mako biyu gida biyar sun yi asara. Rabe ya kasa tsaye ya kasa zaune. Ya shiga gida ya fita ya fi sau ashirin, yana kara kunne a haƙarƙarin Sudaniya. Tsoro ya kama shi ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko a tsakiyar Bahar Maliya.

Sai ya tafi wurin maƙwabcinsu Mahmudu mahauci, haifaffen Makka, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, ya roƙi huhun saniyar da ya yanka da safe.

"Esh hada, ya shaikh?" in ji Mahmudu. "Mene ne haka? Ciwo za ka ɗauka da hannunka ka sa wa lafiyayya? Kuma wa zai sayi mai ƙulli a hanci ya yi hadaya da ita?"

"Ni ba ta hadaya nake ba, Alhaji. Ta nono nake. Ba ni kawai."

Ranar Asabar da hantsi ya tsaga hancin Sudaniya, Shatu na riƙe da igiya tana kawar da kai. Ya nuna mata ƙarfen lalas ya ce ranar Talata da safe a sa shi a wuta. Ya ƙara da cewa, "Ko wa ya zo, kada ya taɓa ta. Hannuna ya sa, hannuna zai cire. Kin ji?" Ta ce ta ji.

Da Rabe mai iya zaman kwana uku ne, da labarin ya ƙare a nan. Amma mutanen da shanunsu ke mutuwa ba sa jiran su ga sakamako. Kafin azahar ƙofar gidansa ta cika. Ran Lahadi ya tsaga bakwai a Jarwal, har da biyu na Mahmudu mai surutu, wanda ya tsaya a kansa yana tambayar yadda ake cirewa. Ran Litinin yana unguwar Tandabawi da gwangwaninsa na jiƙon huhu. Mutumin da aka sani da saurin barin sana'a, yau ga shi ana shimfiɗa masa darduma ana ce masa likita. Daɗi ya cika shi, ba ma sai an faɗa ba.

A Tandabawi ne wani mai lambu daga Wadi Fatima ya kama hannunsa, ya ce shanunsu na ƙarewa, ga jaki nan a ƙofa. Wadi Fatima kusan tafiyar yini ce, kuma Rabe bai taɓa zuwa ba. Ya lissafa a ransa: ya je yau, ya tsaga gobe da sassafe, ya dawo kafin magariba, ai duk Talata ce. Ko gida bai koma ba, saƙo ya aika.

Can ya tarar da ƙorama da dabino, da ƙauye bayan ƙauye, kowanne da shanunsa da mai roƙonsa. Ya gama da na farko, aka ce na gaba ɗan nan ne. Talata ta wuce. Ya ce wa kansa kwana ɗaya ba ya kashe saniya, Arɗo dai tsananin tsantseni ne da shi. Laraba ma ta wuce haka. Sai ran Alhamis da hantsi, yana tsugune gaban wata jar saniya mai kama da tasa, ya tuna da Sudaniya. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Nan take ya tara masu shanun, ya nuna musu yadda za su cire su ƙona da kansu, ya karya ƙa'idar Arɗo ba tare da ya ko lura ba. Bai jira jaki ba, ya kama hanya da ƙafa, rabi gudu.

Da la'asar sakaliya ya shigo Jarwal. Abin da ya fara gani shi ne shanun Mahmudu biyu suna tuƙa, hancinsu da baƙin tabon wuta.

"Fenak, ya Rabe?" Mahmudu ya daka masa tsawa. "Ina ka shiga? Na cire na mutanen unguwa duka jiya, kowacce lafiya. Sau uku ina aika wa matarka in zo in yi wa taku, wallahi ta ƙi. Ta ce ka ce hannunka."

Rabe ya shiga gida. Sudaniya na kwance jikin turke. Kumburin ya haye fuska, ya rufe idanu, ya gangara wuya, numfashi na fita da ƙyar. Shatu na zaune gaban murhu, idanunta sun yi ja don hayaƙi, ƙarfen lalas na cikin garwashi. Tun safiyar Talata take hura wutar nan, itacen girkin mako guda ya ƙare a kanta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe hannu da tsumma, ta zaro ƙarfen, ta miƙa masa.

"Ga shi, Malam. Ban bari ya huce ba."

Ya karɓa, ya cire guntun, ya ƙona. Aikin banza ne, kuma ya sani. Washegari kafin a tafi masallacin Juma'a Mahmudu ya shigo da wuƙa.

Ciwon ya wuce daga unguwar. Yawancin shanun da Rabe ya tsaga sun rayu, suka yi ta yawo da ƙulli a hanci, sunansa ya bi su. Shatu ta koma suyar gyaɗa, kuma ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Turken ma ta hana a tuge.

Rabe ya yi shekara goma sha wani abu yana wannan aiki. Duk wanda ya kira shi ya san sharaɗinsa: gida ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi tabarma kusa da saniya, ba ya motsawa sai salla har kwana uku su cika. Baƙi kan yi mamakin haƙurinsa, su ce ba su taɓa ganin mai natsuwa irinsa ba. Waɗanda suka san shi sai su dubi ƙafarsa, tana nan tana rawa a kan tabarma. Idan mai gida ya ce ya je ya huta, su za su kula, Rabe kan girgiza kai ya ce, "A'a, ina nan. Ku dai sa ƙarfe a wuta."