Wasan da Ba Shi da Agogo

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin nan ba, ba a daɗe da soja suka miƙa mulki ga farar hula ba. Ina aikin shara a wata masaƙa a Kakuri. Injiniyoyinmu 'yan Japan suna da wani wasa, besbol: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga. Duk Asabar akan sa ɗayanmu ta tsaya bakin fili da kular ruwa da tawul, kuma ba ta tashi sai an tashi. Wasan kuwa ba a duba masa agogo, sai an fitar da mai bugu na ƙarshe.

Ranar ni aka sa, ga 'yata Rahila mai shan nono da zazzaɓi. Na bar ta wurin maƙwabciyata Mama Ngozi a unguwar Television, da niyyar in kai ta asibitin ma'aikata kafin a rufe da la'asar.

Mai bugu na ƙarshe shi ne Oga Bulus, manajan ma'aikata, wanda ya koyi wasan don a san shi ma babba ne. Kafin kowace jifa sai ya ɗaga hannu a dakata. Ya ja baya, ya kwance safar hannu ya sake ɗaurawa, ya ƙwanƙwasa takalmi da kulki, ya gyara hula, ya yafito ni in kawo tawul. In an jefo, sai ya maka ta gefe, a sake daga farko. 'Yan Japan ɗin ma har hamma suke. Nono ya jiƙa mini riga, na kare da tawul ɗinsa.

Na raɗa wa sufabaizanmu, Mista Yohanna, "Oga, don Allah, yarinya ba lafiya."

Ya ce, "Haba Talatu, saura jifa ɗaya. So kike Oga Bulus ya waiwayo ya ga ba kowa?"

Jifa ɗayan nan ta ƙi ƙarewa. Da Oga Bulus ya sake ɗaga hannu, na ajiye tawul kan kula na ruga titi.

Na ɗauko Rahila, na iso asibiti da ita a baya, nas tana saka kwaɗo. Ta kalle ni, ta buɗe.

Ran Litinin Oga Bulus da kansa ya mayar da ni wankin bayan gida, wai na bar bakin aiki. Har yau can nake.

Ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan. A get ɗin masaƙa, in kin makara kaɗan a mayar da ke gida. Agogon nan namu ne mu kaɗai. Manya hannu kawai suke ɗagawa, ya tsaya.