Mai Ɗaurin Rumfar Lakwal

A wani ƙauye na ƙasar Guna ba a buɗe lakwal, wato makarantar boko, sai an gama girbi, domin da karan hatsi ake yin ajin. Mai ɗaure shi kuwa kowace shekara Nomau ne. Ba wanda ya naɗa shi. Da zarar damman ƙarshe sun shiga rumbu, zai bi gida-gida yana roƙon kara, ya kafa gwafanni, ya tsaga kaba ya jiƙa, ya zauna ɗauri. In damina ta kwantar da rumfar, sai ya jira wani girbin.

Shi kansa bai san baƙi ko ɗaya ba. Yana yaro, ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, ubansa ya cusa shi cikin rumbu ya rufe, don a zamanin ana ganin hakan ceto ne. Yakan ba da labarin da dariya, amma yaƙe ne. Shi ya sa da ɗansa Tahiru ya rasu ya bar masa ƴa guda, Lubabatu, da kansa ya riƙe hannunta ya kai ta aji.

Rumfar kara ba ta rabo da gyara, yau akuya ta ja, gobe iska ta ture. Kullum Nomau yana gindinta da kaba a hannu, yana jin mushe, wato malamin aji, na faɗa, yara na amsawa baki ɗaya. Muryar Lubabatu ta fi ta kowa tashi. Da yamma sai ya kira ta.

"Amaryata, zo ki yi mini na yau."

"Tsoho, me za ka gane? Faransanci ne fa, ba cinikin gyaɗa ba."

"Yi dai. Wanda bai ci nama ba ya sha romo."

Sai ta buɗe littafi ta zubo karatu kamar ruwan indararo, shi kuma yana gyaɗa kai, yana duban maƙwabta ko sun ji.

A shekararta ta ajin ƙarshe aka kawo sabon malami, Mushe Safiyanu, wanda ba ya son amshi. Ɗaya-ɗaya yake tayar da yara. Wata safiya Nomau na toshe wata kafa a jikin rumfar, ya ji an kira sunan jikarsa. Ta fara karatu, ba tuntuɓe. Daɗi ya ɗebe shi, bai san bakinsa na bin ta ba, har ya riga ta kai ƙarshen layi. Aji ya ɓarke da dariya. Mushe ya leƙo ta tsakanin kara.

"Baba, ashe ka yi lakwal?"

"Ni? Rumbu dai na yi."

"To, ina ka samo wannan?"

"Nan gindin kara. Yau da gobe, kunne ya ɗauka."

Mushe bai yi dariya ba. Ya koma ya ɗauki alli, ya tsinto wasu kalmomi daga shafin nan ya rubuta a tabulo, babban allon aji, na ƙarshe a farko. Ya nuna ɗaya ya ce, "Lubabatu, karanta mini." Ta dubi tabulo, ta dubi ƙasa. Ya nuna wata. Ita ma ta kasa karanta ta.

Kabar ta suɓuce daga hannun Nomau. Ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ke bakin yarinyar shi ne ke bakinsa, kuma shi ya san bai iya komai ba.

Bayan an tashi, mushe ya same shi. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, fiye da rabin ajin haka suke. Yara sun yi yawa, littafi kaɗan, shekarar karatu kuma gajera ce tsakanin girbi da ruwan farko. Amma in za ta zauna da ƴan ajin farko bayan la'asar, a faro daga baƙaƙe, za ta iya.

Karan gari ya ƙare a lokacin, saura na dabbobi. Nomau ya kwance darnin gidansa ya ɗaura ƙaramar rumfa a gefen babbar. Lubabatu ta je ƴan kwanaki. Gwiwoyinta sun fi kan wasu yaran tsawo in an zauna a tabarma. Ƙananan suka laƙaba mata "Innar aji", tsararrakinta kuma in sun gan ta a rijiya sai su rera shafin nan da muryar tsoho.

Ranar da ta daina zuwa, ta tsaya bakin ɗakinsa.

"Kaka, da ka yi shiru ranar nan, da ba wanda ya sani."

"Da na yi shirun, da kin iya?"

Ta juya ta tafi.

Da ƙanwar uwarta Maimuna, mai ɗinki a unguwar Birni ta Damagaram, ta zo gaisuwa, Lubabatu ce da bakinta ta roƙa a tafi da ita Damagaram. Nomau ya ɗauki ƙunshin kayanta har bakin hanya, yana ɗingishi da ƙafarsa mai ciwo. Ya ce, "Amarya, haka za ki bar ni?" Ta ce, "Sai wata rana, Kaka." Ba ta ce masa tsoho ba.

Bana ma ya ɗaura rumfar, babbar da ƙaramar. Sai dai ya bar zama gindinta. In gyara ya kama, yakan bari sai yara sun tashi. Magana ɗaya yake yi wa mushe duk sanda suka haɗu: "Ɗaya-ɗaya, Mushe. Tun suna ƙanana."

Duk ranar kasuwa kuma yakan tare direban da ke shiga Damagaram, ya ce a gaya wa Lubabatu ƙaramar rumfar tana nan. Direban ya ce yana faɗa mata. Ya ce takan tambayi lafiyar ƙafar tsohon, shi ke nan.