Lofen Kawu Khoat a Cikin Bokitin Mai Shayi

A ƙauyenmu na Vinh Bao, inda gonakin taba ke sauka har bakin kogi, ba a duba kyan lofe, muryarsa ake saurare. Gora ce doguwa, a zuba mata ruwa kaɗan, a dasa ɗan ƙoƙon taba a gefenta. In mutum ya ja, sai ruwan ya yi magana. Wani lofen kukan kurciya gare shi, wani minsharin tsoho, wani kuwa sai ka rantse akuya ce ta shaƙe da ɓawon rogo.

Maƙwabcina Kawu Khoat ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a wata mahaɗar hanya can wajen Hai Duong. Da ya yi ritaya ya dawo gida da kunnuwan da suka saba sauraro, ga shi babu jirgin da za su saurara. Sai ya kama sassaƙa lofe. Yakan sare gorarsa lokacin sanyi, ya rataye ta bisa murhu har hayaƙi ya mayar da ita launin zuma, sannan ya zauna ƙarƙashin bishiyar gwaiba yana hudawa, yana gogewa, yana kasa kunne. Kowane lofe da sunansa. Akwai Kwaɗon Damina. Akwai Suruka, wadda in ta fara ba ta ƙarewa. Akwai kuma Jirgin Safe, abin ƙaunarsa, mai farawa a hankali kamar daga nesa, sannan ya cika tsakar gida da ƙara.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, kyauta yake yi. Ya ba kowane namiji a ƙauyen, ya zagayo ya sake ba su, har ta kai in an hango shi da wani dogon abu a hammata sai maza su tuna suna da aiki a gona. Sauran suka taru a gida: ƙarƙashin gado, bayan teburin girmama kakanni, cikin randar shinkafa.

Ana shirin Tet, bikinmu na sabuwar shekara, matarsa Goggo Nhan ta sa hannu a randa za ta auno shinkafa, ta fito da Suruka.

"Tsoho," ta ce, "zo ka gaya mini, wannan dafawa ake yi ko soyawa?"

"A hankali, tsohuwa, wuyanta ba ƙarfi."

"Nawa wuyan fa? Jibi kasuwa. Ka kwashe su duka ka sayar. Duk wanda ya dawo gidan nan, wallahi kafa shi zan yi a lambu, wake ya hau."

"Ban da Jirgin Safe dai."

"Shi zan fara kafawa. Ya fi su tsawo."

Ranar kasuwa ni na riƙe masa keke, shi yana ɗaure kayan kamar mai goya jarirai. Da muka isa ya ce ba mai sayen lofe bai ji muryarsa ba, don haka ya bi su ɗaya ɗaya ya zuba musu ruwa. To lofe mai ruwa ba ya kwanciya. Sai ya ari bokiti a wurin Mui mai shayi, wata siririyar mata mai bakin magana, ya jera su a tsaye kusa da bencinta. Ya buɗe gwangwanin tabarsa ya ajiye, ya kunna 'yar fitila, ya zube tsinken gora na ɗaukar wuta. Ya ja baya ya duba, abin ya yi masa kyau.

Ni ma ya yi mini kyau, kuma daga ni har shi ba wanda ya lura da abin da muka haɗa. Duk faɗin ƙasar nan, lofen da ke tsaye cikin bokiti kusa da bencin mai shayi na kowa ne. Ka zo, ka ja, ka mayar, ka wuce.

Na farko wani mai agwagi ne. Ya sauke kwandonsa, ya zaɓi Kwaɗon Damina, ya mulmula taba, ya kunna, ya ja. Lofen ya yi ta ƙur-ƙur-ƙur har agwagin suka amsa. Mutumin ya busa hayaƙi sama, idanunsa suka juye, ya zauna daɓas a ƙasa yana murmushi.

"Kai! Wannan lofe ya iya waƙa," ya ce. Da jirin ya sake shi ya mayar da shi bokiti, ya ɗauki agwaginsa ya tafi.

Kawu Khoat ya juyo gare ni fuskarsa na ƙyalli. "Ka ji? Ya ce ya iya waƙa."

"Na ji. Bai saya ba."

"Zai dawo. Gida ya je ya yi shawara."

Kafin hantsi an kafa layi. Masu kifi, masu furen Tet, direbobin babur, har da wani mai aski da ya bar mutum da rabin kai. Ana ja ana musu, wannan ya ce Suruka ta fi, wancan ya ce Suruka surutu ne kawai. Duk wanda taba ta kayar sai ya rarrafa kan bencin Mui ya nemi shayi mai zafi. Tukunyarta ba ta sauka daga wuta ba.

Na zunguri Kawu. "Kawu, buɗe baki ka ce na sayarwa ne."

"Yanzu? Mutum na tsakiyar zuƙa in ce masa kawo kuɗi? Kana so a ce na haukace?"

"To bayan ya gama."

"Bayan ya gama ai yana ƙasa."

Ya yi ƙoƙari sau ɗaya. Ya matsa kusa da wani ƙato mai sayar da aladu, ya gyara murya, ya ce, "Ɗana, wannan lofen..."

"Na riga ka, Baba. Bi layi," in ji ƙaton. "Kuma matsa, ka tare bokiti."

Kawu Khoat ya bi layi. Da aka zo kansa ya ja Jirgin Safe, aka yi masa tafi.

Da rana ta karkata, taba ta ƙare, bakin kowane lofe ya yi baƙi, kuma duk suna nan tsaye a bokiti ba wanda ya ragu. A lokacin ne Goggo Nhan ta ɓullo daga layin masu kayan lambu, da ƙaton ƙullin igiyar ɗaure wake a hannu. Ta zaro Jirgin Safe, ta zubar da ruwansa, ta kafa shi a ƙasa ta gwada tsawonsa da ƙugunta.

"Zai yi," ta ce.

"Tsohuwa, mutane sun yaba ƙwarai."

"Wake ma zai yaba."

Sai ga Goggo Tuoi, mai shayin tsallaken hanya, ta taho tana huci, ludayi a hannu. Tun safe kaza ce kawai ta zauna a bencinta.

"Ke Mui! Ina kika samo makaɗa kika kwashe mini mutane? Lofena na can shiru kamar an yi masa rasuwa!"

"Ba nawa ba ne, Goggo, na tsohon nan ne. Bokitin ne nawa."

Goggo Tuoi ta fizgi Suruka. "Baba, wannan na sayarwa ne?"

Kawu Khoat ya dubi sama. Goggo Nhan ce ta faɗi kuɗin, da irin muryar da take sayar da kabeji, ba ko ƙifta ido.

"An sha shi fa," in ji Goggo Tuoi.

"An hore shi dai. Sabon lofe ɗaci gare shi, wannan kasuwa guda ta gyara miki kyauta."

Nan Mui ta farka, ta rungume bokiti ta ce ba mai fitar da ko tsinke daga rumfarta. Mai taliyar shinkafa ta ji hayaniya ta zo, mai giyar kusurwa ya zo, mai facin taya ma ya ce masu jiransa na bukatar abin yi. Aka yi ta ja-in-ja, Goggo Nhan na yanke ciniki, Kawu Khoat na bin kowane lofe da wasiyya.

"Ruwa yatsa biyu, kar ki ƙara. Ba ya son rana. In ya yi mura ki aiko mini."

Saura Jirgin Safe, ya ƙanƙame shi a ƙirji.

"Zaɓi, tsoho," in ji matarsa. "Bokitin Mui ko lambuna."

Ya daɗe yana shafa gorar. Sannan ya sa shi a bokiti da hannu biyu, ya ce wa Mui ta juya ƙoƙonsa wajen gabas.

A hanyar gida Goggo Nhan ta tuna ta sayi igiya, ga shi ba abin ɗaurawa. Washegari ta hau kujera ta sauko da gorar da ke rataye bisa murhu, wadda hayaƙi ya daɗe yana gyarawa. A shekarar nan wakenta ya hau gora mai launin zuma, mafi kyau a gundumar, ya kuwa yi 'ya'ya har ta rasa wanda za ta ba.

Yanzu Kawu Khoat yana sayar da lofe, in dai matarsa na kusa don ta faɗi kuɗi. Masu shayi daga kasuwanni na nesa suna aiko saƙo, kowa na son mai murya. Duk ranar kasuwa yakan sa farar rigarsa ya zaga rumfuna yana gaida 'ya'yansa na gora, ya sha shayi nan, ya yi faɗa can don an cika wa Suruka ruwa. A ƙarshe ya zauna a bencin Mui ya rufe ido. In wani ya ja Jirgin Safe, sai in ga hannunsa na dama ya ɗan tashi da kansa, kamar akwai tuta a ciki.