Shekara Biyu a Ɗakin Fayil

Ina da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ni aiki a ɗakin ajiye fayil na wata makaranta a Samaru. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, tagarsa ɗaya, ita ma kabad ya tare rabinta. Mu huɗu ne a ciki: ni, da shugabanmu wanda dattijo ne ɗan cikin birni da muke ce wa Baba, da wani tsoho mai buga hatimi, sai wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da kowa ke kira Mama. Ƙaraminsu ya girmi mahaifina.

Hirarsu kullum hawan jini ce, da wanda ya rasu, da shekarun da suka rage wa kowa ya yi ritaya. Da farko dariya nake yi a zuci. Sannu a hankali na daina sa sukari a shayi, na koyi tafiya ba hanzari ko da gaggawa ake neman fayil. Ranar da na ce mu shigar da sunayen ɗalibai a kwamfuta, mai hatimi ya ce, "'Yata, an gwada wannan tun kina firamare." Ban sake tayar da zancen ba.

Ban san na canza ba sai a bikin wata ƙawata a Palladan. Ƙawaye suna can suna rawa, ni kuwa ina kan tabarma tare da gwaggonnin amarya, ina musu bayanin maganin ciwon gwiwa. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wai shekararki nawa ne?"

Bayan nan ɗan kawuna ya roƙe ni in riƙa taya shi aiki ranar Asabar a shagonsa na buga katin biki a Sabon Gari. Babu wanda ya kai ashirin da biyar a cikin ma'aikatansa. Janareta na ƙara, waƙa na tashi, ana zuba Hausa da Turanci a haɗe. Kowa da inda ya nufa, wannan Abuja, waccan tana koyon zane a waya. Wata rana suka tambaye ni me nake so in zama nan da shekara biyar. Na ce in sami ƙarin girma a ofis. Suka yi ta dariya har na ji kunya.

Amma su ma da nasu. Wani magidanci ya zo a fusace, an ɓatar da aikin katin ɗaurin auren 'yarsa, duk suka ruɗe suna tura wa juna laifi. Na ba shi kujera, na gaishe shi har da tambayar iyali kamar yadda Baba ke yi wa mai fushi, sannan na bi ayyukan makon ɗaya bayan ɗaya har na gano nasa.

Ranar Litinin na ba Mama labarin dariyar da aka yi mini. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni fa da niyyar shekara ɗaya na shigo ɗakin nan." Bayan kwana biyu ta ajiye mini fom ɗin karatun kwamfuta a kan tebur, ta ce, "Cike shi a gabana, 'yata. Kada ki kai shi gida."

Na cike, aka ɗauke ni karatun, na ajiye aikin. Da na je sallama, Baba ya yi mini doguwar addu'a, mai hatimi kuwa ya ce zan dawo. Ban koma ba. Yanzu ina kula da bayanan marasa lafiya a wani asibiti a Dogarawa, mu shida ne a ofis, ni ce babbarsu.