Layin da na rubuta da sunan Sa'idu

Shekara shida ke nan da muka kai abokina Sa'idu makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Ba abin faɗa na rasa ba. Akwai maganar da na san idan na ɗauki alƙalami dole ta fito, ni kuma ban shirya mata ba. Bana ta biyo ni har ofis, don haka ga ni.

Tare muka yi aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, tebur yana kallon tebur. Ni mutum ne mai gaggawa, in gama in tashi. Shi kuwa idan ka ba shi aikin minti goma, je ka yi sallah, ka ci abinci, ka dawo ka same shi a kai. Nakan tsokane shi cewa ko shayi aka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin.

A gidansa na Gwarinpa akwai ɗaki guda da matarsa Rabi ta haƙura ta bar masa. Cike yake da tsofaffin laftof da yake tsintowa wurin 'yan gwanjo a Masaka. Ga abin da yake yi da su. Kowace kwamfuta tana da wata 'yar manhaja da ke zaune cikin wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira aisi, a jikin allon cikinta. Ita ce ke fara farkawa idan an danna makunni, sannan ta tashi sauran sassan. Masu gyara suna ce mata bayos. Wadda kamfani ya saka a kulle take, ba ka ganin abin da ke cikinta, kuma ranar da kamfanin ya daina kula da ita shi ke nan. Sa'idu yana cikin wasu 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban da ke maye gurbinta da buɗaɗɗiya, wadda kowa zai iya karantawa ya gyara. Shi bai iya rubuta irin wannan manhaja ba, bai kuma taɓa nuna ya iya ba. Nasa aikin gwaji ne.

Suna da wani dogon jeri a intanet. Kowane layi kwamfuta ɗaya ce: abin da ya yi aiki, abin da ya ƙi, da sunan wanda ya gwada. Duk mai son taɓa tasa sai ya duba jerin tukuna, domin idan manhajar ba ta dace da injin ba, kwamfutar tana iya mutuwa a hannunka, ko haske ta ƙi kawowa.

Tsarinsa ba ya canzawa. Da farko sai ya kifa laftof ɗin, ya kwance bayanta, ya karanta lambar da ke jikin allon. Yakan ce sunan da ke kan murfi na talla ne. Wanda ya taɓa kai mota Apo ya san wannan: suna ɗaya, shekara ɗaya, bakanike ya ɗaga bonet ya ce maka wannan injin daban ne. Daga nan sai ya kwafe tsohuwar manhajar sau biyu, ya gwama kwafin ya ga sun zo daidai, ya adana, don a samu abin komawa. Sannan gwaji: sauti, madannai, caji, rufe murfi a buɗe. A ƙarshe akwai wanda shi ya ƙirƙiro, wai gwajin Najeriya. Sai ya cire batir, ya fizge waya tana tsakiyar aiki, kamar an ɗauke wuta, ya ga ko za ta sake tashi. Ba sau ɗaya ba, sai ya gaji.

Kalmar da ya tsana ita ce "ya kamata". Ka ce masa ya kamata ta yi aiki, sai ya cire tabarau ya ce, "Mutumina, ta yi ko ba ta yi ba?" Ina yawan tunanin abin da zai ce da zamanin nan, da mutum zai tambayi waya komai ta ba shi amsa da cikakken ƙarfin gwiwa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ina jin da zai yi ta gardama da ita har abincinsa ya huce. Sababbin laftof ɗin ma, da yawansu an toshe su yadda ba ka isa ka canza musu komai ba. Wannan da ya ɓata masa rai sosai.

Lokacin da ciwon ya kwantar da shi a asibiti, akwai laftof ɗaya da ya bari a kan tebur bai gwada ba, kuma tana damunsa fiye da allurar da ake yi masa. Ya roƙe ni in gwada, in shigar da sakamakon da sunansa, tunda ni ba ni da rajista a jerin. Na je ranar wata Asabar. Sunan da ke kan murfinta daidai yake da na wata da ya riga ya gwada. Na saka manhajar, na danna, ta kawo haske, sauti ya fito. Ina da ɗaurin aure a Kubwa ƙarfe biyu. Na zauna na rubuta: komai yana aiki. Na sa sunan Sa'idu a ƙarshen layin.

Washegari ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Lawal, ka karanta lambar allon?"

Na ce na karanta.

"Ka fizge wayar?"

Na ce na fizge. Ya gyaɗa kai ya rufe ido. Bai kai mako biyu ba bayan nan.

Na gaya wa kaina cewa ƙaryar tausayi ce, don hankalinsa ya kwanta. Na kuma gaya wa kaina cewa, ai ya kamata ta yi aiki. Shekaru suka wuce ba wanda ya yi ƙorafi, domin irin wannan laftof ɗin ba ta da yawa a lokacin. Sai a 'yan shekarun nan 'yan gwanjo suka fara shigo da ita.

Watanni uku da suka wuce wata mata ta zo ofishinmu, Malama Hannatu, tana koya wa mata kwamfuta a wani shago a Masaka. Sa'idu ta nema, aka kai ta wurin Rabi, Rabi ta turo ta wurina. Laftof huɗu irin waccan ta ɗauko cikin buhu, duk ta saka musu buɗaɗɗiyar manhajar. Batiransu duk sun mutu, don haka da an ɗauke wuta sai su mutu farat ɗaya, daga nan kuma sai sun ga dama su tashi. Ɗalibanta sun fara watsewa.

"Oga, ni ban yi ganganci ba fa," in ji ta. "Na duba list ɗin nan sosai. Da na ga sunan ɗan ƙasarmu ne ya yi testing, kuma mutum mai layi da yawa haka, ban yi shakka ba."

Na kalli layin a wayarta. Rubutuna ne, har da wurin da na manta aya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Abin da ya cece ta shi ne ta bi umarnin da Sa'idu ya rubuta a saman shafinsa na jerin, ta kwafe tsohuwar manhajar sau biyu kafin ta taɓa komai. Cikin yini ɗaya muka mayar musu da ita, duka huɗun suka tashi. Taka-tsantsan ɗinsa ne ya gyara ɓarnar gaggawata, shekara shida bayan ba ya nan.

Ranar Asabar na je Gwarinpa. Rabi ba ta taɓa ɗakin ba, sai shara. Laftof ɗin tana inda na bar ta. Na kifa ta, na kwance bayanta, na karanta lambar. Harafi ɗaya ne ya bambanta ta da wadda ya riga ya gwada. Na fizge waya, ta tashi. Na sake fizgewa, ta yi shiru.

Na fito falo na gaya wa Rabi komai, kaina a ƙasa. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam Lawal, ai ya gane. Kana fita ya ce mini, idan na tashi zan sake gwada waccan, Lawal bai kalle ni ba da ya amsa. Kuma ya ce kada in yi maka maganar."

Na yi kuka a falon nan, ban ɓoye ba.

Na yi rajista a jerin da sunana. Na gyara layin: tana tashi, amma ba ta jure yankewar wuta, kada a saka mata. A ƙasa na ƙara cewa bayanin farko ba Sa'idu ne ya rubuta shi ba, ni ne, kuma ban gwada ba. Wani daga cikin masu kula da jerin ya amsa cewa sun bi sauran layukansa a tsawon shekarun nan ba su taɓa kama kuskure ba, wannan ɗin ne kaɗai, kuma yanzu sun san dalili.

Sa'idu bai bar gini ba, bai bar muƙami ba. Ya bar ɗaki cike da tsofaffin kwamfutoci, da layuka a wani jeri da yawancin masu karanta wannan shafi ba za su taɓa gani ba. Amma mace a Masaka da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba ta ɗora sana'arta a kan maganarsa, kuma maganar tasa ta ɗauke ta. Tawa ce ta kusa kayar da ita. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, ni kuma Ya yafe mini.

Akwai wasu laftof uku kuma a ɗakin da bai kai ga gwadawa ba. Rabi ta ba ni makulli. Na fara da ta farko makon jiya, kuma har yanzu ban rubuta komai ba, domin ban gama fizge wayar ba.