Rabon Ƙanwata Daga Muryar Baba

Ko mantuwa ta cinye mini komai, ranar da kwamfutar gidanmu ta ƙi tashi tana nan daram a raina.

A lokacin ina gyaran lantarkin mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ina kuma ji da kaina a harkar na'ura. Na samo tsohuwar kwamfuta na ajiye a falonmu na Umdurman, na haɗa ta da wayoyin gida, kowa ya kalli abin da yake so daga ɗakinsa. Finafinai ne da wasannin ƙwallo, sai kaset-kaset na marigayi Baba da na juye a ciki: karatunsa, da hirar garin kakanninmu da yake yi da Hausa. Su kansu kaset ɗin, da na ga sun fara cin zare, zubarwa na yi. Har gobe ina jin kunyar wannan.

Matsalata ɗaya ce a lokacin, in mutum uku suka kunna kallo tare sai hoto ya riƙa tsayawa. Na je wurin wani mai gyara a Kasuwar Umdurman. Ya ce, "Ya zol, ƙwaƙwalwar aiki kamar tire ce, faifan ajiya kuma rumbu. Tirenka ya kusa isarka. Rumbu na biyu kake buƙata." Na yi masa kallon ba ka san zamani ba, na ƙaro ƙwaƙwalwar, na sayi babban faifai guda ɗaya na tattara komai a kai. Ƙaramin tsohon faifan da ya zo da kwamfutar kuwa na yi niyyar goge shi in cika da finafinai.

Sai mahaifiyarmu ta ji labari. Ita ba ruwanta da na'ura, amma a gidanmu ko miya aka yi sai an aika wa ƙanwata da ke aure a unguwar Dar Salam da nata kwanon.

"Muryar ubanku gado ce," in ji ta. "Ina rabon 'yar'uwarka?"

"Yumma, ai in ta zo za ta ji."

"Ta zo roƙo? Kalas, zuba mata nata."

Ina ƙunƙuni na kwafe kaset ɗin Baba duka a ƙaramin faifan, na kai wa ƙanwata. Ko kwamfuta ba ta da ita. Ta naɗe shi a tsumma ta jefa cikin akwatin kayanta, ni kuwa na dawo ina yi musu dariya.

Da zafi ya tsananta, wata rana da azahar wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Na danna maɓallin kwamfutar, sai ƙas-ƙas kawai babban faifan yake yi. Mai gyaran ya kara shi a kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri." Bai ma tuna mini da maganarsa ba, hakan ya fi yi mini ciwo. Finafinan ba su dame ni ba. Tunanin da ya hana ni cin abinci shi ne da hannuna na shafe muryar ubana.

Washegari ƙanwata ta sauko daga rakasha, babur mai ƙafa uku, da ƙullin tsummanta. "Ga rabona," ta ce, "aro na ba ka." Muka jona. Baba ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla. Mahaifiyarmu ta gyara mayafinta kamar ya shigo ɗakin, ni kuma na yi kuka a gaban kowa.

Tun daga ranar na gane abin da ba ka son rasawa ba a barinsa a gida ɗaya. Yanzu in aka tambaye ni wane faifai ya fi kyau, sai in ce a fara gaya mini gidan wa za a kai na biyun.