Yadda Iya ta wanke mana aikin yini a Mungadi

Ana sallame sallar asuba muka bar Aliero, ni da ƙanwata da kwanonin ƙarfe masu murfi har guda tara, sai ka rantse biki za mu kai wa gudummawa. Ita tana digiri na biyu, kuma aikinta shi ne ta gano nauyin ɓurɓushin roba da leda da gulbi ke kwasa har zuwa teku. Dole ta ɗebi ruwan rani kafin ruwan farko ya sauka, in ba haka ba karatun ya tsaya sai baɗi. Ni kuwa direba ne, ɗan dako ne, kuma mai ba da shawarar da ba a tambaya ba.

Hanyar Jega ba nisa, amma ramin da na faɗa kusa da gari, da akuya ce ta shiga sai an zura mata igiya. Muka karya da ƙosai da kunu, ƙosan ya ƙanƙance har ina neman sa a tafin hannu.

A bakin gulbi ta nuna mini aikin. Za a kamfato ruwa bokiti hamsin da bokitin ƙarfe, a zuba ta rariya mai ido ƙanana, abin da ya saura a kankare shi cikin kwano a rufe. Na roba ba ya shiga aikin, don kada ya zubar da nasa ɓurɓushin ya ɓata lissafi. Daga baya za ta ƙirga su ɗaya ɗaya a ƙarƙashin madubin kimiyya, ta auna girmansu, ta ƙiyasta nauyin. Wani masunci da ya daɗe yana kallonmu ya ce, "Alhaji, mi kuka nema cikin ruwan ga? Zobe ya hwaɗi?" Na ce masa roba muke kamu, ya tura jirginsa yana girgiza kai.

Mun yi sama da gari, mun yi ƙasa da gari, bayana ya tsufa da shekara goma. Muka miƙe Maiyama, muka karya zuwa Mungadi, muka cika kwanoni ukun ƙarshe. Nan muka sauka gidan wani aminina. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ajiye kayanmu a inuwa, ni da shi muka tafi azahar, ita ta shiga ɗaki ta yi tata.

Da muka dawo sai ga kwanoni tara a kife bisa tabarma, suna walƙiya. Iya, mahaifiyar aminin nawa, ce ta buɗe su, ta ga laka, ta ce baƙo ba ya barin gidanta da ƙazamin kwano. Ta sa toka ta dirje su.

"Ɗiyata, na wanke maki su tas," in ji Iya. "Ko amarya ta ci abinci ciki."

Na dubi ƙanwata. Idonta ya cika, amma ta durƙusa ta ce, "Na gode, Iya, Allah ya ƙara girma." Ta fito zaure ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa.

"Yaya, ɗauko bokiti."

Na fara lissafa mata ciwon bayana da kwankwasona, ba ta ko juyo ba. Aminina kuwa ya shiga ya faɗa wa Iya abin da ta wanke. Tsohuwa ta yi salati, ta yafa mayafi, ta tattaro surukanta da duk bokitin ƙarfen da ke unguwar. Aka yi layi daga ruwa zuwa rariya, Iya na ƙirga da ƙarfi, ta hana kowa tsallake ko ɗaya. Abin da ya ci mana awa biyu da safe, aka gama shi kafin gumina ya bushe. Aminina da ƙannensa biyu suka biyo mu Jega, muka sake wurare biyun nan, iska na watsa mana ruwan gulbi a fuska. Muna rufe kwano na tara, ɗigon farko ya sauka a ƙeyata.

Cikin ruwa muka shiga Aliero dab da magariba, ita rungume da kwanoni a baya, ni ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Bayan sati biyu ta nuna mini hoton abin da ta tsinta: zare shuɗi, ɓallin leda, gutsuren buhu. Duk wahalar nan, in an tara, bai kai gishirin da za ka ɗauka da yatsa biyu ba. Na ce ashe banza muka sha. Ta ce in tuna bokiti nawa ke wucewa ƙarƙashin gada kafin in gama wannan maganar. Na yi ta ƙoƙarin ƙirgawa har kaina ya yi zafi, na bari. Abin da na koyo dai shi ne, in ka fita aiki da mai niyya, kada ka tafi da ciwon baya, ba za a saurare ka ba. Ledar ruwan da na sha a hanya kuwa, yanzu aljihuna take komawa.